Gwanjon Hotunan Manyan Mayaƙa: Abin Da Ke Sa Wata Takarda Ta Fi Wata Tsada

Idan aka ambaci gwanjo a nan Ikko, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne tarin tsofaffin riguna da takalma da ake bajewa a kasuwa, ko kuwa motocin ma'aikata da akan buga wa ƙararrawa idan sun gaji da aiki. To, amma a ƙasashen Turawa akwai wani irin gwanjo dabam, inda masu hannu da shuni ke zaune a kan kujeru suna tayi a kan 'yar takardar da sau da yawa ba ta wuce tafin hannu ba. Takardar nan kuwa ba kome ba ce illa hoton wani babban soja na zamanin yaƙi, wanda ya ɗauki alƙalami da kansa ya sa hannu a jikinta.

Abin mamaki a kasuwar nan shi ne bambancin kuɗi. Za a kawo hotuna biyu masu girma ɗaya, na yaƙi ɗaya, a sayar da na farko a kan kuɗin da bai wuce na rago ba, na biyu kuwa ya tashi a kan abin da zai gina gida. Ga 'yan Arewa mazauna Kurmi zancen nan ba labarin nesa ba ne, domin gidaje da yawa a Agege da Obalande da Idi-Araba da Sabon Badun zuriyar mazan jiya ne da suka yi Yaƙin Bama, kuma har yanzu akwai akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado cike da tsofaffin takardu da hotuna da lambobin yaƙi. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Haka kuma rashin sanin ne ke sa wani ya sayi jabu da kuɗinsa masu gumi.

Asalin al'adar

Sana'ar ɗaukar hoto ta bayyana ga jama'a a Faransa cikin shekarar 1839. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce yana da hoton Napoliyon da aka ɗauka da kyamara, ƙarya yake yi, gama Napoliyon ya mutu tun 1821. Sai a 1855, lokacin yaƙin Kirimiya, wani Baturen Ingila mai suna Roger Fenton ya bi sojoji har sansaninsu da keken doki cike da kayan aiki, ya ɗauki hotunan manyan hafsoshi.

Amma inda abin ya zama ruwan dare shi ne yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865. A lokacin an shigo da yayin wasu ƙananan hotuna da ake mannawa a kan kati, tsawonsu wajen inci huɗu, faɗinsu inci biyu da rabi. Soja kan ɗauka ya aika wa uwarsa ko matarsa, mutanen gari kuma su sayi na janar-janar su jera a littafi. Wanda ya sami hanya sai ya aika wa janar ɗin da katin, ya roƙe shi ya sa masa hannu. Janar Robert E. Lee, wanda ya jagoranci mayaƙan Kudu, ya miƙa wuya ga Janar Grant ran 9 ga watan Afrilu 1865, kuma bayan mako guda mai hoto Mathew Brady ya ɗauke shi a gidansa na birnin Richmond, yana saye da kakinsa. Daga nan har mutuwarsa a 1870 Lee ya yi ta sa hannu a kan katuna ga masu roƙo. Yau irin katunan nan kan tashi a kan dubban daloli, na Shugaba Lincoln kuwa, wanda aka harbe cikin watan Afrilun nan na 1865, kan kai dubun-dubatar daloli saboda ƙarancinsu.

Masana suna da wata dabara ta gane shekarun katunan. Daga watan Agusta 1864 zuwa Agusta 1866 gwamnatin Amurka ta ɗora haraji a kan hotuna don biyan kuɗin yaƙi, ana manna kan sarki a bayan kowane kati. In an juya kati aka ga kan sarkin nan, an san tsakanin shekarun da aka sayar da shi.

Yadda ake cinikin

Manyan gidajen gwanjo na Landan tsofaffi ne ƙwarai. An kafa Sotheby's a 1744, Christie's a 1766, Bonhams kuma a 1793. A Amurka akwai irin su RR Auction a Boston da Heritage a Dallas, waɗanda suka shahara wajen sayar da takardu masu sa hannun manyan mutane. Aikinsu aikin dillali ne. Mai kaya zai kawo, masanan gidan su duba, su rubuta bayaninsa a littafin jerin kaya, su kuma yi kirdadon abin da zai kai. Mai kaya yana da ikon yanka ƙaramin kuɗin da in tayi bai kai can ba, albarka, a mayar masa da abinsa.

Ranar gwanjo wasu na cikin zaure, wasu na kan waya, wasu kuma na tayi ta intanet daga ƙasashe dabam-dabam. Wanda ya fi kowa tayi, da an buga guduma ya zama nasa. Sai dai kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Mai saye zai ƙara la'adar gidan gwanjo, wadda a wurare da yawa takan kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin kayan, mai sayarwa shi ma a cire tasa la'adar. Don haka idan mai karatu ya ji an ce an sayar da hoto a kan kaza, ya sani abin da ya shiga aljihun mai kayan bai kai haka ba.

Suna da lokaci

Abu na farko da ke yanka wa hoto kuɗi shi ne sunan mai shi. Winston Churchill, Firayim Ministan Ingila na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda shi ma tsohon soja ne da ya halarci yaƙin Omdurman a Sudan cikin 1898, yana sahun gaba. Hotonsa na zamanin yaƙi mai sa hannunsa na gaskiya kan tashi a kan dubban fam. A Amurka sunayen Eisenhower da Patton da MacArthur ne ke jan masu saye. Janar ɗin da bai yi suna a jarida da siliman ba, kome ƙwazonsa a fagen fama, hotonsa kan yi kwantai.

Abu na biyu shi ne lokacin da aka sa hannun. Masu saye sun fi son wanda aka yi ana tsakiyar yaƙi, a kan wanda tsohon janar ya yi yana zaune a gida bayan shekara ashirin. Kuma sau da yawa sa hannun da kansa ke tona lokacinsa. Misali Montgomery, wanda ya kori Rommel a El Alamein cikin ƙasar Masar a 1942: duk zamanin yaƙi “B. L. Montgomery” yake rubutawa. A 1946 Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Lod, daga nan ya koma rubuta “Montgomery of Alamein”. Ke nan in an kawo hoto mai wannan sa hannu na biyu aka ce a filin daga aka yi shi, an san akwai lauje cikin naɗi. Haka Mountbatten, babban kwamandan sojojin ƙawance a kudu maso gabashin Asiya, a zamanin yaƙi “Louis Mountbatten” ne, sai daga 1946 ya zama “Mountbatten of Burma”.

Anini da taurarin kafaɗa su ma shaidu ne. Rommel ya zama Fil Mashal cikin watan Yuni 1942, bayan ya ci garin Tobruk a Libiya. Montgomery ya sami wannan muƙami ran 1 ga Satumba 1944. Eisenhower kuwa bai sami tauraronsa na biyar ba sai a watan Disamba 1944. In kwanan watan da aka rubuta a kan hoto ya riga muƙamin da ke jikin kakin, to hoton ya ƙaryata kansa.

Ƙaranci da shaida

Abu na uku shi ne ƙaranci, kuma nan ne mutuwa ke shiga ciniki. Montgomery ya rayu har 1976, ya yi shekara talatin yana amsa wasiƙun masu roƙon sa hannu, don haka hotunansa suna da yawa, galibi ɗaruruwan fam suke tashi. Babban hafsan sojan ruwa Nimitz, wanda ya sa hannu a madadin Amurka lokacin da Jafan ta miƙa wuya a kan jirgin ruwan Missouri ran 2 ga Satumba 1945, ya rayu har 1966, ya kuma rattaba hannu a kan hoton ranar nan sau ba adadi. Amma Janar Patton ya yi haɗarin mota a Jamus ya mutu ran 21 ga Disamba 1945, 'yan watanni kaɗan bayan gama yaƙi. Ba shi da sa hannun tsufa, shi ya sa nasa ke kai dubban daloli. Rommel ma bai ga ƙarshen yaƙin ba, domin ran 14 ga Oktoba 1944 mutanen Hitila suka tilasta masa shan guba bisa zargin yana da hannu a yunƙurin kashe shugabansu.

Abu na huɗu, wanda masana ke cewa ya fi sauran nauyi, shi ne shaidar asali: wa aka ba hoton, a ina, yaushe, kuma hannun wa da wa ya bi kafin ya iso zauren gwanjo. Ga misali. Ran 11 ga watan Mayu 1947 Churchill ya zo hawa jirgin sama a filin Le Bourget da ke Faris, ya bar guntun ƙaton sigarin nan nasa da ya sha rabi. Wani kofur na sojan saman Ingila da ke aiki a jirgin ya ɗauka ya adana, tare da hoton Churchill a ƙofar jirgin riƙe da sigarin, wanda Churchill ɗin ya sa wa hannu. A watan Oktoba 2017 gidan RR Auction ya sayar da su a kan dala 12,000, watau miliyoyin Naira. Guntun taba dai guntun taba ne, ko almajiri ba zai duƙa ya ɗauka ba. Hoton da labarin da ke bayansa su suka mayar da shi dukiya.

Jabu iri-iri

Duk inda kuɗi ya shiga, ɓarawo na biye. Amma ba kowane sa hannun da ba na gaskiya ba ne aikin macuci. Akwai wanda aka buga da injin ɗab'i. Ranar da sojojin ƙawance za su tsallaka zuwa Normandi a Faransa, 6 ga watan Yuni 1944, an raba wa sojoji wajen 175,000 takardar jawabin Eisenhower, kowace da sa hannunsa a ƙasa, alhali kuwa duk bugawa aka yi. Montgomery ma yakan raba wa sojojinsa irin waɗannan takardun jawabi. Suna da daraja ta tarihi, amma kuɗinsu bai kusanci na wadda alƙalami ya taɓa ba.

Akwai kuma sa hannun magatakarda. Babban janar da wasiƙu suka yi wa yawa yakan bar wa akawunsa ya kwaikwayi hannunsa. Sa'an nan akwai injin sa hannu, wanda ya fara shiga ofisoshin gwamnatin Amurka tun cikin shekarun 1940. Ana ɗaura masa alƙalami na gaske, ya bi zanen sunan mutum sau dubu ba kuskure. Rashin kuskuren nan shi ke tona shi, gama ɗan Adam ba ya sa hannu sau biyu su zo daidai wa daida. In an ɗora biyu a kan juna aka ɗaga a haske suka haɗe tsaf, aikin inji ne.

Na ƙarshe su ne maƙera jabu da gangan. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Konrad Kujau, Bajamushe, wanda ya zauna ya rubuta littattafai wajen sittin ya ce kundin sirrin Hitila ne. Mujallar Stern ta biya mak miliyan 9.3 ta saya, ta yi shelar samunsu a 1983. Ba a daɗe ba masana na gidan adana takardun gwamnatin Jamus suka gano cewa takardar tana ɗauke da wani sinadarin ƙara fari wanda ba a fara amfani da shi ba sai bayan yaƙi. Kujau ya tafi kurkuku a 1985.

Dabarun da ake bi a duba hoto ba su da nisa da wannan. Akan karkata shi a haske: tawadar gaske tana zaune a bisa fuskar hoton, tana da wurin da ta yi kauri da wurin da ta yi siriri, wadda aka buga kuwa a cikin hoton take, sumul. Akan haska shi da fitila mai shuɗin haske irin wadda ake duba takardun kuɗi da ita a banki, domin takardar hoto ta shekarun 1950 zuwa sama takan yi walƙiya, ta zamanin yaƙi kuwa ba ta yi. Akan kuma duba irin alƙalamin. Biro bai shiga kantuna sosai ba sai ƙarshen 1945, saboda haka sa hannun Rommel da biro abin tuhuma ne tun daga nesa. Wanda ya sayi irin kayan nan ba tare da mai ido ya duba masa ba, ya yi cinikin biri a sama.

Satar da aka yi a Ottawa

Su kansu manyan gidajen gwanjo akan shammace su. Ran 30 ga Disamba 1941 Churchill ya yi jawabi a majalisar Kanada da ke Ottawa. Da ya fito aka kai shi gaban wani mai hoto ɗan asalin Armeniya, Yousuf Karsh. Churchill ya ƙi ajiye sigarinsa, sai Karsh ya matso ya zare shi daga bakinsa, ya koma ya danna kyamara. Fuskar nan a murtuke, hannu ɗaya a ƙugu, ita ce ta zama hoton Churchill da ya fi kowane shahara, har Bankin Ingila ya sa shi a bayan takardar fam biyar a 2016.

Karsh ya zauna shekaru da yawa a otel ɗin Château Laurier na Ottawa, ya kuma bar musu kwafin hoton mai ɗauke da sa hannunsa, aka rataye a zaure. A watan Agusta 2022 wani ma'aikacin otel ɗin ya lura firam ɗin hoton bai yi kama da na sauran da ke kusa da shi ba. Aka kira mai kula da kayan gadon Karsh, yana ganin sa hannun ya ce ba na maigidansa ba ne. Da 'yan sanda suka bi hotunan da baƙi suka ɗauka a zauren, sai suka gane an yi musayar tsakanin 25 ga Disamba 2021 da 6 ga Janairu 2022. Watau jabu ya yi sama da wata bakwai a bango, dubban mutane suna wucewa suna sha'awa.

Kafin a farga, na gaskiyar ya riga ya ƙetare teku. A watan Mayu 2022 gidan Sotheby's ya sayar da shi ga wani lauya na birnin Genoa a Italiya a kan fam 5,292, kuma daga mai saye har gidan gwanjon ba wanda ya san kayan sata ne, tun da a lokacin ko otel ɗin bai san an yi masa ɓarna ba. A 2024 aka gano inda yake, lauyan ya mayar, aka sake rataye shi cikin watan Nuwamba. Wanda ya sata, mutumin jihar Ontario, ya amsa laifinsa a 2025, aka ɗaure shi shekara biyu ba kwana ɗaya. A nan sa hannun mai ɗaukar hoton ne ya ba takardar daraja, kuma shi ne ya tona asirin ɓarawon.

Kayan da ake ƙyama

Akwai wani sashe na kasuwar da mutane da yawa ke toshe hanci in an zo kansa, watau hotunan Hitila da manyan muƙarrabansa. Dokar Jamus ta hana baje alamun jam'iyyar Nazi a bainar jama'a, manyan gidajen gwanjo na Landan kuma ba sa karɓar kayan tunawa da ita. Duk da haka wasu ƙananan gidaje na sayarwa, kuma ana zuba kuɗi. A watan Yuli 2022 an sayar da agogon da aka ce na Hitila ne a jihar Maryland ta Amurka a kan dala miliyan 1.1. A watan Nuwamba 2019 kuwa, da aka yi gwanjon kayansa a Munich, wani attajiri ɗan Labanan mai suna Abdallah Chatila ya kashe sama da yuro 500,000 ya saye da dama daga ciki, ya miƙa su ga wata ƙungiyar Yahudawa don kada su faɗa hannun masu ɗaukaka Hitila. Wannan ya nuna tsadar hoto ba ita ce ma'aunin kirkin mai shi ba. Shi kansa Montgomery, da ya zagaya Afirka a ƙarshen 1947 har ya biyo ta Nijeriya, ya rubuta wa gwamnatinsa rahoton asiri mai cike da raina baƙar fata, wanda ba a fito da shi fili ba sai a 1999.

Ina mazan Bama?

Wanda ke zirga-zirga a Ikko yana wuce sunayen Yaƙin Bama kullum, ko da bai sani ba. Barikin Dodan a Ikoyi, Barikin Myohaung da Barikin An a Yaba, Barikin Arakan a Apapa, da Barikin Letmauk a Badun, duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama inda sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Jafanawa. Dubun-dubatar 'yan Nijeriya ne suka tafi cikin Runduna ta 81, mai tambarin gizo-gizo, da Runduna ta 82, mai tambarin mashi biyu a kan gammo. Da yawansu 'yan Arewa ne, Hausa kuma ita ce harshen bariki tun zamanin Lugga. Sun ratsa dazuzzukan kwarin Kaladan da kaya a ka, inda mota ba ta shiga, abinci da harsashi ta jirgin sama ake jefo musu. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung.

Manyan da suka jagorance su suna cikin kasuwar nan. Mountbatten, wanda 'yan tawayen Ailan suka kashe da bom a 1979, yana da masu nema saboda danginsa da gidan sarautar Ingila. Janar William Slim, kwamandan Runduna ta 14 da ta ƙwato Bama, ya rayu har 1970, kuma ko da yake masana yaƙi suna sa shi cikin gwanayen janar-janar na Ingila, kuɗin hotonsa bai kama ƙafar na Churchill ba. Dama tun a lokacin sojojinsa kan kira kansu rundunar da aka manta da ita. Wanda ya fi wuyar samu shi ne Janar Orde Wingate, jagoran mayaƙan sunƙuru da ake kira Chindit, waɗanda aka sa wa barikin Zariya sunansu. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojojin Nijeriya sun yi aiki a ƙarƙashinsa a 1944. Ya mutu a haɗarin jirgin sama ran 24 ga Maris na shekarar, yana da shekara 41, bai sami zaman tsufa da zai yi ta raba sa hannu ba.

To, shi kuma farabiti da kofur da saje da suka ɗauki kayan a ka fa? Gaskiyar magana ita ce, da wuya a buɗe akwatin tsohon soja a tarar da hoton janar mai sa hannu. Abin da aka fi samu shi ne hotonsa shi kansa cikin kaki, ko na kamfaninsa a jere, da takardar sallama, da littafin biyan albashi, da lambobi irin su Tauraron Bama. A gidajen adana tarihi na Ingila akwai hotunan sojojin Afirka masu yawa da ba a rubuta sunan kowa a ƙasansu ba, sai dai a ce sojojin Afirka ta Yamma ne. Haka kuma lambobin halartar yaƙi da Ingila ta raba bayan 1945 galibi ba a buga sunan mai su a jiki ba, sai lambobin jaruntaka ne ke da suna a gefe. Ma'anar wannan ita ce, lamba ita kaɗai ba ta faɗin ko ta wane ne, hoto shi kaɗai ba ya faɗin ko wane ne. Amma in aka haɗa hoto da lamba da takardar sallama mai suna da lambar soja da bataliya, an sami shaidar asali cikakkiya, irin wadda masu gwanjo da masu binciken tarihi ke nema ruwa a jallo.

Abin da ya kamata mai irin kayan nan ya yi

Na farko, kada a raba su. Gadon da aka yi wa rabon goro, wannan ya ɗauki lamba, wancan ya ɗauki hoto, an kashe darajarsa baki ɗaya. Na biyu, a kiyaye su daga laimar Kurmi da gara da kyankyasai da hasken rana, gama rana tana cinye tawada. A sa kowane hoto cikin ambulan mai tsabta, a ajiye a wuri busasshe. Kada a manne shi cikin leda da zafi kamar katin shaida, kada a liƙa masa salatif, kada kuma a bi bayan rubutun da ya dushe da biro don wai ya fito. Duk waɗannan gyara ne da ke zama ɓarna, ba su kuma kwancewa.

Na uku, kada a yi gaggawar sallama wa mai yawo gida-gida yana neman tsofaffin kaya. A fara nuna wa ma'aikatan Gidan Tarihi na Onikan a Ikko, ko Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Badun ko Kaduna ko Inugu, ko Gidan Tarihin Yaƙi da ke Umuahia. Manyan gidajen gwanjo kuma sukan duba hoton kaya in an aika musu, su faɗi kirdadonsu ba tare da an biya ba. Wanda ke nufin fitar da wani tsohon abu waje, ya fara tuntuɓar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, domin tun 1979 akwai dokar da ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba.

Na huɗu, wanda ya fi gaggawa, a zauna da tsofaffin gida tun suna raye. A samo takarda dabam, a rubuta sunan wanda ke cikin hoton da sunan mahaifinsa, da garinsu, da bataliyarsa, da shekarar da ya tafi da wadda ya komo, da sunayen abokan da ke tsaye kusa da shi in akwai mai tunawa. Janar-janar sun sa wa hotunansu hannu da kansu, suna kuma da magatakarda da marubuta tarihi. Sojan da ya ɗauki akwatin harsashi a ka daga Kaladan zuwa Myohaung ba shi da mai rubuta sunansa a bayan hotonsa sai 'ya'yansa da jikokinsa.